A Koya Wa Yaran Gareji Juye Da Awo, Ba Da Kintace Ba

Ranka ya daɗe Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ɗan fili in yi magana da iyayen gidan kanikawa na Kano, daga Kwakwaci har Ƙofar Ruwa, kan ayyukan da ake fara miƙa wa yaro in ya zo koyo: juye, ruwan lagireto, birki da taya. Ana raina su don kuɗinsu kaɗan ne, alhali injina da yawa da ake saukewa, a wajen waɗannan ƙananan ayyuka aka fara kashe su.

Juye dai ba kwance noti da zuba mai ba ne kawai. A bar inji ya yi aiki kamar minti biyar don baƙin man ya saki, a kashe, sannan a ɗaga mota. Kada yaro ya shiga ƙarƙashinta tana kan jak kaɗai, sai an kafa mata abin tokare na ƙarfe. In man ya gama tsiyaya, a sa sabuwar washa a notin, a ɗaure daidai. Na Corolla bai wuce Nm 40 ba, wato ma'aunin ƙarfin ɗauri da ke jikin sifanar awo. Wanda ya dage iya ƙarfinsa zai cinye zaren, gobe mota ta dawo tana ɗiga. Wajen filta kuwa, a duba ko robar tsohuwar ta manne a jikin inji, domin roba biyu in suka haɗu, man zai tsiyaye a kan titi cikin mintuna. A shafa wa sabuwar roba ɗan mai, a ɗaure da hannu, kashi uku cikin huɗu na zagaye bayan ta taɓa. Ba a sa mata sifana.

Sai adadin mai. Corolla mai inji 1.8 kusan lita 4 take ci, don haka galan mai lita 5 ba a juye shi duka. Mai in ya yi yawa kumfa yake yi, ya matsa wa sil har ya fara yoyo. A tayar, a ga fitilar mai ta mutu cikin daƙiƙoƙi, a kashe, a jira minti biyar, a zaro geji a duba. Kuma a daina zuba mai kauri mai lamba 20W-50 a kowace mota wai don garinmu akwai zafi. Injin da kamfani ya rubuta masa 5W-30 hanyoyin mansa sirara ne, mai kauri ba ya isa sama da wuri in an tayar da safe. Da ƙurar Kano, kilomita 5,000 ya isa a sake juye, a rubuta wa mai mota lambar kilomitar a takarda.

Lagireto ba a buɗe shi da zafi, yaro ya sani tun ranar farko. Ruwan rijiya ko na burtsatse zalla tsatsa da gasa-gasa yake tarawa har ya toshe hanyoyi. A yi amfani da kulan, wato ruwan sanyaya inji na musamman, rabi da rabi da ruwa mai tsabta in ba haɗaɗɗe ba ne. Al'adar cire tamostat, abin da ke daidaita zafin inji, da haɗa fanka kai tsaye kuwa ɓoye cuta ce. Inji ba zai kai zafin aikinsa ba, sai ya riƙa shan fetur fiye da ƙima, ainihin matsalar kuma, ko murfin lagireto ne ya saki ko famfon ruwa, tana nan.

Filtar iska a lokacin hunturu a duba ta duk juye. Ta takarda ce, ba a wanke ta da fetur.

In man birki ya sauka, kafin a ƙara a duba fad ɗin birki, don cinyewarsa ke janyo man ƙasa. Ƙasa da milimita 3 a canza. Man birki mai lamba DOT 3 ko DOT 4, wanda aka rubuta a murfi, kuma duk shekara biyu a sake shi, saboda yana shan danshi. Bayan sa sabon fad a taka birki har ya yi tauri kafin a motsa mota.

Iskar taya tana rubuce a jikin ƙofar direba, galibi 30 zuwa 35, ba 50 da wasu masu faci ke durawa ba. Notin taya a ɗaure su tsallake-tsallake, ba a hawa kan sifana da ƙafa. Batir kuma, a fara cire kan nagetif, a mayar da shi a ƙarshe. Cire kan batir inji na aiki don gwada caji na iya ƙona kwakwalwar mota. Mitar awon wuta za a sa, a ga bolt 13.5 zuwa 14.5.

Ina kira ga shugabannin NATA, ƙungiyar kanikawan mota ta ƙasa, na jiha su matsa kowane gareji ya mallaki sifanar awon ɗauri, mita da gejin iska, a kuma bar yara su riƙa taɓa su.

Wassalam,
Wani bakanike daga Fagge, Kano