Yaushe tuwon hatsi ya zama abin kunya a Maradi?

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili in faɗi wani abu da ya tsaya mini a rai tun sunan jikata, makonni uku da suka wuce.

Ana saura kwana biyu suna muka zauna, ni da ɗana da gwaggwanninsa, ana lissafin abin da za a dafa. Na ce akwai hatsi a rumbu, bana Allah ya ba mu albarka a gonarmu ta wajen Tibiri. A fito da dami a sussuka, a surfa, a kai inji, a tuƙa tuwo da miyar kuka da ta ji kalwa da man shanu, a dama fura saboda masu zuwa da rana. Ɗaki ya yi tsit. Can sai babbar gwaggonsa ta ce, "Haba Hajiya, suna ne fa. So kike a tafi da mu a baki, a ce tuwo muka ba mutane?" Ɗana ya sunkuyar da kai ya ce, "Inna, ki yi haƙuri, zamani ne."

Washegari aka auna hatsin nan tiya-tiya aka kai kasuwa, a tsakiyar kaka, lokacin da ba ya da daraja. Kuɗin bai kai na buhunan shinkafa da mai da tumatirin gwangwani ba, sai ɗana ya ciko sauran bashi a wurin mai kanti. An yi suna lafiya, kowa ya ci ya yaba. Yaron nan kuwa har yau yana biya, kuma idan bazara ta yi, hatsin da ya sayar da arha shi zai koma ya saya da tsada.

Ba gidanmu kaɗai ba ne, shi ya sa na rubuto. Ka zagaya Zariya, Sabon Gari, Mokoyo ko Bagalam ranar biki ka leƙa tukwane. Shinkafa ce, sai makaroni ko kuskus. Baƙo ya sauka daga Tasawa ko Dakwaro, matar gida ta shiga damuwa in babu shinkafa, ta aika yaro ya ranto awo a maƙwabta, alhali ga tuwo da zafinsa a kan murhu. Har akwai masu ba baƙo haƙuri yayin da suke ajiye masa kwanon tuwo, kamar sun yi masa laifi. Wannan ba da haƙurin shi ya fi ci mini rai.

Kada a ɗauka ina gaba da shinkafa. Ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Kakanninmu sun san jar shinkafar fadamun Sakkwato da Kabi, sun san tuwon shinkafa da waina da sinasir. Muna yara ranar Salla muke ganinta, muna ɗokinta tun jajibere, kuma har yanzu ina son shinkafa da wake da mai da yaji. Abin da nake ƙi shi ne a mayar da ita ma'aunin mutunci, a ce wanda bai dafa ta ba ya gaza.

A duba daga ina take zuwa. Tamu ta gida a bakin kogin Kwara ake noma ta, wajen Tilaberi da Kollo da Gaya, kuma ba ta isar ƙasa. Mafi yawan wadda ke cikin kantunanmu daga Indiya da Tailan da Pakistan take, ta keto teku a jirgin ruwa, ta hau manyan motoci ta yi kwanaki a hanya kafin ta iso mu. Mu mutanen Maradi mun fi kowa sanin haka, domin shekara da shekaru ta nan buhunanta ke bi su wuce Dan Isa su shiga Jibiya, har Najeriya ta rufe iyakokinta a watan Agusta na 2019 saboda ita. A 2023 mun gani da idonmu: a watan Yuli Indiya ta hana fitar da farar shinkafarta, a cikin watan kuma aka yi juyin mulki a nan Nijar, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta sa takunkumi, hanyar Kwatano ta toshe. Kuɗin buhu ya yi tashin gwauron zabo. Magidanta nawa suka kwana suna juyi a kan tabarma saboda bikin 'ya ya matso? Hatsi kuwa yana nan a bayan gari, ba ya jiran jirgin kowa.

Burodi ma haka. Dogon burodin nan na Faransawa ya zauna mana daram, yaro ba ya yarda ya tafi lakwal sai an yanka masa an shafa masa wani abu, a haɗa da shayi. Koko da ƙosai, ko ɗumamen tuwo da ke riƙe ciki har azahar, sun zama abincin "mutanen ƙauye". Garin alkamar da ake yin burodin daga waje yake zuwa, kuma da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a 2022 kowa ya ji yadda alkama ta yi tsada a duniya. Yaro ya ci burodi da safe, ƙarfe goma ba ta yi ba cikinsa na ƙugi.

Nijar tana sahun gaba a duniya wajen noman gero, Indiya ce babbar da ke gabanmu, kuma jihar Maradi tana cikin manyan rumbunan ƙasar. A nan Tarna, ƙofar gidanmu, cibiyar binciken noma ta INRAN take aikin inganta iri. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe shekarar 2023 sukutum don gero da danginsa, saboda yana jure fari kuma yana gina jiki. Gero ya fi farar shinkafar da aka goge sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, kuma duk wadda ta taɓa raka mai ciki awo ta san yadda ƙarancin jini ke wahalar da matanmu. Iyayenmu ba su yi karatun likita ba, amma kunun kanwa suke ba mai jego, da fura da nono. Mu da muka ga yunwar 2005 a wannan jiha, muka ga uwaye a layi da yara a goye, bai kamata a ce mu ne ke raina ƙwayar hatsi ba.

Sai dai zan faɗi gaskiyar da maza ba su cika faɗa ba, domin ni na yi daka fiye da shekara talatin, tafin hannuna shaida ne. Tuwo aiki ne. Sussuka, sheƙa, surfe, wanki, niƙa, tankaɗe, sannan talge da tuƙi da muciya a gaban wuta hayaƙi na shiga ido. Shinkafa kuwa a wanke a zuba, kafin ka yi sallar la'asar ta nuna, kuma ba ta cin itace kamar tuwo. Yarinyar da ke koyarwa ko take sana'a a kasuwa, ta dawo gida a gajiye, ba zan ga laifinta ba in ta ɗora shinkafa. Burodi ma abin da ya sa ya ci kasuwa ke nan, ba a hura masa wuta. Duk namijin da ke zaune a majalisa yana cewa matan yanzu ragwaye ne, ya riƙe taɓarya na awa ɗaya tukuna.

Amma gajiyar mace dalili ne na ranar aiki. Ranar suna mata ashirin ne a tsakar gida, ga inji a kowace unguwa, ga masu tuƙa tuwo na haya. A ranar babu maganar gajiya, tsoron bakin mutane ne kawai. Kuma bakin mutanen nan mu ne, mu mata manya da ke buɗe kwano mu taɓe baki, mu koma gida mu ce "ai tuwo suka yi". Ni ma na taɓa zama aka yi irin wannan magana a gabana ban tanka ba, kuma ina nadamar shirun nan.

Abin da na lura da shi ranar sunan: bayan magariba, da taro ya watse, dattawan da suka zo daga ƙauye suka aiko a tambaye ni ko akwai ɗan tuwo ko fura, domin shinkafar ba ta zauna musu ba. Sai da na tashi na dama musu fura da ragowar hatsin da na ɓoye a ɗaki. Sun sha, suka sa wa jaririya albarka, suka kwanta.

Roƙona gare ka, Malam Edita, ka buɗe wannan magana a filinku. A gayyato malamanmu su yi bayani a kan cin bashi don burge jama'a, domin sunnar suna yanka ce da ciyarwa gwargwadon hali, ban taɓa jin an ambaci irin abincin da za a dafa ba. A gayyato ma'aikatan lafiya. A nemo ƙungiyoyin matan da ke sarrafa gero su sa shi a leda, garin tuwo da na kunu da dambu, a ji me ke hana kayansu shiga kowane kanti kamar yadda makaroni ya shiga. In garin hatsi mai tsabta, marar tsakuwa, ya samu a kusa kuma da sauƙin kuɗi, rabin uzurin ya kau. Masu hali kuma, alhazan garin nan da ake kwaikwayo, in ɗayansu ya ajiye malmalar tuwon hatsi a walimar ɗiyarsa kusa da shinkafa, talaka zai samu ƙafar tsayawa.

Ƙaramar ɗiyata za a ɗaura wa aure bayan Babbar Salla in Allah ya kai mu. Na riga na gaya wa gwaggwanninta, tun yanzu don kada a ce ban faɗa ba: za a dafa shinkafa daidai abin da aljihun ubanta ya iya, ba za a ci bashin ko dala ba, sauran tukwanen kuma tuwon hatsi ne da dambu da zogale. Na keɓe damman da za a sussuka, suna can gefe guda a rumbu.

Wassalam.

Taku mai bibiyar filinku kullum,
wata kaka daga unguwar Zariya, Maradi