Gyaran tsakiyar Damagaram ya fara daga lungunan Birni

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina roƙon fili in tofa albarkacin bakina kan maganar raya tsakiyar garin Zinder, wadda ake ta yi a fadojin matasa da zaurukan dattawa.

Bikin ranar Jamhuriyar Nijar na 18 ga Disamba, 2018, wanda aka kira Zinder Sabuwa, ya bar mana tituna da fitilu, kuma mun gode. Sai dai aikin ya fi tsayawa a manyan hanyoyi. Wanda ya bi ta bayan fadar Mai Martaba Sarkin Damagaram ya shiga lungunan Birni, ko ya ratsa Zango, zai ga gidajen ƙasa masu zane a fuskar zaure da zankwaye a bisa soro suna zubewa ɗaya bayan ɗaya.

Ba a ɓoye dalilin yake ba. Ginin ƙasa yana son yaɓe kafin damina, yana son indararo mai kyau, yana son ruwan lungu ya samu hanyar wucewa. In magudana ta toshe da leda, ruwa ya kwanta a gindin katanga, shekara kaɗan sai ta tsage. Mai gidan da bai da hali ya zuba ido, magada su sayar, mai saye ya rushe ya kafa bulo da kwano. Wasu kuma, da niyyar gyara, sai su shafe ginin da siminti. Simintin yana riƙe danshi a ciki, ranar da zai ɓamɓare da ƙasar yake tafiya. Tsofaffin magina sun san wannan sarai, amma wa yake tambayarsu? 'Ya'yansu ma sun koma kabu-kabu, don can ne ake samun na cefane.

Tun 2006 sunan Birni da masarautar yake cikin jerin wuraren da Nijar ta miƙa wa UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, don a sa su cikin wuraren tarihi na duniya. Agadas ta samu shiga a 2013. Mu da muka riƙe babban birnin ƙasa har 1926, garun da Sarki Tanimu ya kewaye gari da shi ma sai an nuna wa yaro guntayensa. Baƙon da ya taso daga Kano ko Yamai ba shataletale ya zo kallo ba, yana da su a garinsu.

Shawarata ga magajin gari da masarauta ita ce a ware kuɗi, ko kaɗan ne, na yaɓen shekara-shekara, a damƙa aikin ga maginan gargajiya bisa sharaɗin kowane ya ɗauki yaran unguwa su koya. Mai gida ya kawo ƙasa da ruwa, hukuma ta biya hannu. A yashe magudanai tun cikin bazara. Ruwan famfo kuwa, wanda ƙarancinsa ya daɗe yana wahalar da garin nan, in bai wadata a tsofaffin unguwanni ba, masu hali za su ci gaba da ƙaura zuwa bayan gari.

'Yan kasuwa ma a tuna da su. Duk sanda aka ce za a ƙawata gari, mai tebur da mai shayi ake fara kora. A ba su wuri tsararre tsakanin Kasuwar Dole da Birni, a sa fitila a lungunan, a ba dukawa rumfuna kusa da fada inda baƙo zai ga jaka da takalmi ana ɗinka su a gabansa.

Ina roƙon ka turo wakilinka ya zauna da masu unguwannin Birni da Zango da maginansu kafin ruwan farko ya sauka, ya ji adadin gidajen da suke ganin ba za su kai kaka ba.

Na gode.

Mai karatunku,
daga unguwar Zango, Damagaram