Gishiri Kaɗai Ba Ya Tsare Kifi Daga Fumfuna

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili in yi magana da 'yan'uwana masu busasshen kifi da ƙuliƙuli a nan Sakkwato, tunda ga damina ta kankama. Ni tsohon malamin gona ne, yanzu kuma cefanen gida a hannuna yake, to ido yana gani.

Da ka juya kifi kana dubawa, sai mai kaya ya ce: "Alhaji, ya sha gishiri, ba abin da zai same shi." Gishiri yana aiki, ban musa ba, kakanninmu ba don wauta suke jiran ayarin Bilma ba. Aikinsa shi ne ya janye ruwan jikin nama, ya ɗaure wanda ya rage, har ƙwayoyin da ke ɓata abinci su rasa abin sha. Masana suna da ma'aunin wannan ruwa, daga 0 zuwa 1. Ɗanyen kifi yana wajen 0.99. Yawancin bakteriya masu sa wari da yauƙi suna tsayawa in an sauko ƙasa da 0.91. Fumfuna kuwa ta fi su taurin rai, sai wajen 0.80 yawancinta ke saduda, wata ma ƙasa da 0.70 tana nan da ranta. Ruwan da aka zuba wa gishiri har ya ƙi narkewa, wato ya kai kashi 26 cikin ɗari, iyakarsa 0.75. To ina ga ɗan barbaɗen da ake yi wa tarwaɗa a bakin gulbi? Wannan maganin wari ne kawai, ya kori bakteriya ya bar wa fumfuna fili. Akwai ma wata iri mai suna Wallemia, wadda kifi mai gishiri ne wurin zamanta, tana yi masa ɗigo-ɗigo ruwan ƙasa.

Abin da ya rufa mana asiri a ƙasar nan hunturu ne da zafin bazara, iska ce ke yi mana aikin. Da Agusta ta shigo sai labari ya sha bamban. Kowace uwargida ta san yadda gishiri ke jiƙewa a gwangwani a wannan wata, domin da laimar iska ta haura kashi 75 cikin ɗari, shi da kansa yake jawo ruwa. Haka yake yi a jikin kifi. A ɗauko shi daga Goronyo bai gama bushewa ba, a danna a kwali, a naɗe da leda, ya kwana a mota yana gumi. Me ake jira?

Na tsaya kan wani a kasuwa yana goge kore-koren cikin kifi da tsohon buroshi, yana shafa man gyaɗa, kifin ya fito yana ƙyalli. Na ce, "Malam, wannan fa?" Ya ce ƙura ce. Abin da buroshi ya ɗauke na sama ne, saiwoyin sun riga sun shige tsoka.

Ba kowace fumfuna ce mai dafi ba, amma ido ba ya bambancewa. Wadda ake kira Aspergillus flavus tana fitar da gubar afalatoksin, kuma gyaɗa da masara ta fi so. An gano gubar ne bayan talotalo kusan 100,000 sun mutu a Ingila a 1960, sun ci abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa. A 2004 ta kashe mutum 125 a Kenya ta hanyar masara. Suya ba ta kashe ta, tafasa ba ta kashe ta. Hanta take ci a hankali har ta kai ga ciwon daji, musamman ga mai ɗauke da cutar hanta nau'in B. Shi ya sa ƙuliƙuli ya fi kifi tayar mini da hankali. Gyaɗar da aka tsince aka ware, mai baƙi-baƙi da ɗaci, ita ce mai araha, wasu kuma ita suke kai wa inji. Gishiri da yaji su ɓoye ɗacin, yara su saya a ƙofar makaranta.

Kada wani ya ce na ce a ƙara gishiri. Hawan jini ya ishe mu, Hukumar Lafiya ta Duniya ma cewa ta yi kada babba ya kai giram 5 a rana. A busar da kifi har sai ya karye ƙas, a riƙa mayar da shi kan banda lokacin damina, a ɗaga shi daga ƙasa, a raba shi da leda. Mai saye kuma ya ɓare cikin ya duba, kada ƙyallin baya ya ruɗe shi.

Roƙona ga malaman Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ma'aikatan duba-gari, su zauna da shugabannin 'yan kifi da mata masu ƙuli a cikin kasuwa, su yi musu wannan bayani da Hausa, gidajen rediyonmu kuma su maimaita shi kafin ruwan bana ya ɗauke.

Naka,
Tsohon malamin gona,
Mabera, Sakkwato.