Ƙarar da ke danne tashoshin gajeren zango

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina yi maka fatan alheri, kai da abokan aikinka.

Na rubuto ne a kan wata damuwa da ta shafi duk wanda har yanzu yake murɗa akwatin rediyonsa yana neman tashoshin gajeren zango. Tun ƙuruciya nake sauraro a kan mita 16, 19, 25 da 31, kuma na san halin wannan zango sarai: murya ta zo ta koma kamar igiyar ruwa, idan hadari ya haɗo a riƙa jin tsartuwar walƙiya a cikin akwatin. Duk wannan mun saba da shi. Amma watannin baya wata ƙara ta daban ta sauka a gidana, kamar ana watsa tsakuwa a kan kwanon rufi, kuma duk inda na murɗa tana nan. Na canza batir, na miƙe eriya, har na kai akwatin wurin mai gyara, ya ce lafiyarsa lau.

Abin da ya fara ba ni haske shi ne, duk lokacin da aka ɗauke wuta sai tashoshin su fito tangaram. Sai na kashe babban makunnin gidana, na bar rediyon a kan batir. Ƙarar ba ta tafi ba. Na ɗauki akwatin ina zagayawa da shi, ina matsawa kusa da katangar maƙwabcina tana ƙaruwa. Na yi masa sallama, na bayyana masa abin da ke faruwa, muka riƙa cire kayan wutarsa ɗaya bayan ɗaya. Da muka zo kan wasu ƙananan na'urori guda biyu da ke maƙale a soket, ɗaya kusa da rauta, wato na'urar da ke rarraba intanet a gida, ɗaya a ɗakin kwamfuta, yana zare su sai muryar mai karanta labarai ta fito kamar yana cikin ɗakin.

Na'urorin nan aikinsu tura intanet ta cikin wayoyin wutar gida, don mutum ya huta da jan waya daga ɗaki zuwa ɗaki. Dabarar da kyau a ido, illar a ɓoye take. Wayar wuta an yi ta ne don ɗaukar lantarki mai bugu 50 ko 60 a daƙiƙa. Su kuwa waɗannan na'urori suna ɗora mata sigina mai bugu miliyoyi: samfurin HomePlug AV yana aiki daga kusan megahaz 2 zuwa 30 (megahaz ɗaya bugu miliyan ɗaya ne a daƙiƙa), wato ya mamaye gajeren zango gaba ɗayansa, sabon samfurin AV2 kuma ya kai har megahaz 86, dab da inda tashoshin FM suke farawa a 87.5. Wayar eriyar talabijin tana da rigar ƙarfe da ke tsare sigina a ciki, wayar intanet kuma an murɗe silinta bibbiyu don su kashe yoyon junansu. Wayar wuta ba ta da ko ɗaya. Ga ta da rassa, wannan ya nufi makunni, wancan ya nufi ƙwan fitila, kowane da nasa tsawon. Waya mai tsawon mita takwas kacal ta isa ta zama eriya mai kyau ga tashar da ke kan mita 31. Ke nan gidan mutum gaba ɗaya ya koma tashar watsa hayaniya, shi bai ma sani ba.

Shi ya sa ban ga laifin maƙwabcina ba ko kaɗan. Kaya ya gani ana sayarwa a fili, ya saya. Allah ya saka masa da alheri, a makon ya ja wayar intanet ta gaske ya ajiye na'urorin. To amma ba kowa ke dacewa da maƙwabci irin wannan ba, kuma a gidajen sama inda iyalai da yawa ke zaune, wa zai bi ƙofa ƙofa yana roƙon a zare fulogi?

Rigimar ta daɗe a duniya. A Amurka, hukumar sadarwa ta FCC ta fitar da ƙa'idoji a 2004 da suka ba kamfanoni damar tura intanet ta manyan wayoyin wutar kan titi. Ƙungiyar masu rediyon sha'awa ta ƙasar, ARRL, wato masu magana da juna ta rediyo don sha'awa, ta kai ƙara, kuma a 2008 kotun ɗaukaka ƙara da ke Washinton ta ce hukumar ta yi kuskure da ta ɓoye wasu sassa na binciken da ta dogara da shi. Birnin Manassas na jihar Bajiniya, wanda ya yi suna da wannan tsari, ya rufe shi a 2010. A Birtaniya ma hukumar sadarwa ta Ofcom ta sha koke-koke a kan na'urorin cikin gida, ƙungiyar masu rediyon sha'awa ta ƙasar, RSGB, tana matsa mata lamba. A Turai an fito da ma'aunin EN 50561-1 a 2013, wanda ya ce na'urar ta bar gibi a zangunan masu rediyon sha'awa da na jiragen sama, ta kuma kauce wa tashar gajeren zango idan ta ji ta. An samu sauƙi, ba shakka. Amma tsofaffin na'urori suna nan a soket, waɗanda ba su bi ma'aunin ba kuma suna ta yawo a kasuwannin duniya.

Ka lura da wani abu a nan, Malam Edita. Masu rediyon sha'awa sun samu aka bar musu gibi ne saboda suna da ƙungiya, suna da injiniyoyi, suna da lauyoyi. Mai sauraron labarai shi kaɗai ne da akwatinsa. Idan hukuma ta ce ai koken da ya iso gare ta bai taka kara ya karya ba, sai raina ya ɓaci, domin mutum ba ya kai ƙarar abin da bai san sunansa ba. Dattijon da ya ji shuuu a rediyonsa cewa zai yi akwatin ya tsufa, ko tashar ta rage ƙarfi. Zai haƙura ya kashe. Shirunsa kuma sai a lissafa shi a matsayin babu matsala.

Kada kuma a ce ai zamanin gajeren zango ya wuce. Shi ne zangon da ke ƙetare ƙasashe ba tare da data ko tauraron ɗan Adam ba, shi ne abin da ya rage idan an toshe intanet ko bala'i ya kayar da turakun waya. Jiragen sama da ke ƙetare teku da jiragen ruwa ma suna magana a kansa. Dokokin rediyo na ITU, hukumar sadarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya, a sashe na 15.12, sun ɗora wa kowace gwamnati nauyin tabbatar da cewa kayan lantarki, har da layukan rarraba wuta da na sadarwa, ba su yi katsalandan ga ayyukan rediyo ba. Nauyin yana rubuce, aiwatarwa ake jira.

Roƙona gare ka shi ne ka ware wa wannan batu fili. A gayyato injiniya ya koya wa jama'a gwajin da na yi, domin ba ya buƙatar komai sai rediyo mai batir da haƙuri. A gaya musu inda za su kai koke a rubuce, da rana da lokaci da zangon da abin ya shafa. A kuma tambayi hukumomin sadarwa da na ingancin kaya kai tsaye ko suna gwada waɗannan na'urori kafin a bar su su shiga kasuwa. Wanda kuma ke shirin saya, ya fara gwada wayar intanet ko Wi-Fi tukuna.

Jiya da daddare na sake jin ƙarar a kan mita 25, wannan karon daga ɗaya ɓangaren gidan. Gobe in Allah ya yarda zan ɗauki akwatina in je in yi sallama.

Na gode da ba ni wannan fili.

Naka,
Wani mai sauraron gajeren zango