Daga Tawa: Masha ta zama 'yar gida, yaya za mu yi da ita?

Assalamu alaikum Hajiya, muna gaishe ki da aiki, ke da abokan aikinki na gidan rediyo. Mu malamai ne mata na makarantun renon yara, wato jardan, a nan birnin Tawa, kuma yaran da ke hannunmu 'yan shekara 3 zuwa 5 ne. Mun rubuto ne a kan desan animen nan, wato wasan zane mai motsi, da yara ke kira Masha da Mishka, don maganarsa ta fi ƙarfin aji, ta koma cikin gidaje, inda muryarki ta fi tamu isa.

Wani kamfani na birnin Masko a Rasha mai suna Animaccord ne ya fara fitar da shi a 2009. Kowane kashi bai wuce kamar minti 7 ba. Masha yarinya ce 'yar mitsitsiya mai kallabi da doguwar riga har idon sawu, Mishka kuwa beyar ne, dabbar da babu ita a dajinmu, wanda ya yi wasan nishaɗi a gaban jama'a har ya tsufa ya koma daji yana kiwon zuma. Kashin da Masha ta dafa kunu ya yi ta bori har ya cika duk wata tukunya da ke gidan, an kalle shi fiye da sau biliyan 4 a YouTube. A ganinmu kallabin nan ne ya buɗe mata ƙofa a ƙasar Adar, wato yankinmu na Tawa. Uwar da za ta sauya tasha da zarar ta ga Peppa Pig, aladen nan na Ingila, ita ce za ta miƙa wa ɗanta waya da hannunta in Masha ce, don ta ga yarinya a suturce. Alhali a gidan Masha ma akwai alade, har takan sa masa kayan jarirai ta tura shi a keke.

Ba mu zo ɓata shirin ba. Babu tsiraici a ciki, babu bindiga, waƙoƙinsa na da daɗi, kuma haƙurin Mishka abin koyi ne ga duk mai reno. Amma Hajiya, ki kalli kashi biyu ko uku ki lura da abu guda: Mishka ba ya magana. Gurnani yake yi, ya dafe kai, ya ɗauki tsintsiya ya share ɓarnar. Kusan duk maganar da ke cikin shirin daga bakin yarinyar take fitowa. Ita ke ba da umarni, ita ke katse wa babba barci, ita ke ja masa hannu tana cewa a yi wasa da ita yanzu-yanzu, kuma yawanci a kansa ɓarnar take ƙarewa. Gizo ma ai ɗan ta'adi ne, amma a tatsuniya sau da yawa dubunsa na cika, ya sha kunya ko ya sha duka, kuma mai ba da tatsuniyar tana zaune kusa, yaro na tambaya tana amsawa, har a kai ga ƙurunƙus. A nan babu mai cewa "a'a, ba a yi wa babba haka". Ɗan shekara 8 ya san wasa ne ya yi dariya. Ɗan shekara 3 bai gama raba abin dariya da abin koyi ba, kwaikwayo ne sana'arsa, sai ki ga ya shigo kan manya babu sallama babu durƙusawa, ya fizge abu daga hannun kakarsa yana irin dariyar Masha.

Hanyar da shirin ke isowa gida ita ta fi damunmu. Wasu na kallo a tele, amma mafi yawa a wayar da uba ya aiko daga Abijan ko Libiya, tun da Adar ƙasar 'yan cin rani ce. Ana kai wayar wurin masu caji da turi su zuba a memori, su kuma ba kashi ɗaya-ɗaya suke zubawa ba, haɗaka suke turawa, kashi 8 ko 10 a jere cikin fayil guda, awa ɗaya ko fiye. A YouTube kuma akwai ɗan maɓallin da ke kawo bidiyo na gaba da kansa bayan daƙiƙoƙi kaɗan, kuma a kunne yake zuwa. Shirin da aka tsara ya ƙare a minti 7 sai ya zama ba shi da ƙarshe. Duk lokacin da uwa ta karɓe wayar, a tsakiyar kashi take karɓewa, shi ya sa ake samun birgimar nan da ihu da iyaye ke ɗauka taurin kai ne ko shafar iska.

Sauran illolin duk daga nan suke tasowa. Yaron da ake ba tuwo yana kallo buɗe baki kawai yake yi, bai san ya ƙoshi ba, bai koyi ci da hannunsa ba, ranar da caji ya ƙare kuma ya ƙi abinci. Kallo bayan isha'i na jinkirta barci saboda hasken allon da tashin hankalin labarin, gobe ya zo jardan yana gyangyaɗi tun ƙarfe 9, alhali ɗan shekara 3 zuwa 4 na buƙatar barcin awa 10 zuwa 13 a kwana ɗaya har da na rana. Batun harshe kuma yana ruɗar iyaye. Suna murna yaro na jin Faransanci tun bai shiga lakwal, wato firamare, ba. Wani lokacin ma fayil ɗin da aka turo na Rashanci ne ko Turanci ko Larabci, ba wanda ya lura. Yaro zai iya maimaita jimla sukutum da muryar Masha, amma ki tambaye shi ina takalminsa ya yi shiru, domin magana da musayar baki ake koyonta, allo kuwa ba ya jiran amsa. Ma'aunin da muke ba iyaye shi ne: ɗan shekara 2 ya riƙa haɗa kalma biyu, kamar "ba ni ruwa" ko "inna zo", ɗan shekara 3 ya yi gajerun jimloli da wanda ba ɗan gida ba zai gane mafi yawansu. In babu haka, a kai shi likita a duba kunnensa tukuna, kada a ɗora wa waya laifin duka.

Shawarar da muke bayarwa mun gina ta a kan ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019: kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba gaban allo, daga 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini, in ya gaza haka ya fi, sannan ya samu motsa jiki na minti 180. Likitan Faransa Serge Tisseron ya fi tsanani, shi cewa ya yi a jira sai shekara 3. Mu muna cewa kashi biyu a yini, minti 14 ke nan, bayan la'asar, ba lokacin cin abinci ba, kuma a ajiye waya aƙalla awa ɗaya kafin kwanciya. A goge haɗakar, a ce wa mai turi ya zuba guntaye. A kashe intanet kafin a miƙa wayar, a kashe maɓallin ci gaba da kansa. A jingina wayar a kan wani abu nesa da fuska kamar tsawon hannu, kada yaro ya riƙe. A faɗa masa tun farko cewa biyu ne, in na biyu ya fara a tuna masa, kuma a bar shi ya danna kashewa da yatsansa, wannan kaɗai na rage kuka sosai. Mafi muhimmanci, babba ya zauna ya zama bakin Mishka: "Me ta zubar? Wa zai share? Da ke ce me za ki ce wa Baba?" Da Hausa, jimla biyu ko uku sun isa. In an tashi a samar masa abin yi nan take, tuwon ƙasa ko 'yar tsana ko motar kara, don hannun da aka karɓe wa waya aka bari fayau waya zai koma nema.

Kwanaki ukun farko ne masu wuya. Kukan yakan ƙaru kafin ya ragu, kuma uwar da ta mayar da waya a rana ta biyu ta koya wa yaro cewa dogon ihu na biya.

To Hajiya, ga inda muka tsaya. Shawarar nan tana da sauƙi a baki, amma uwar da mijinta ke cin rani, ga daka ga ɗiban ruwa ga goyo ga ɗan abin sayarwa, minti 14 ba za su dafa mata tuwo ba. Wayar ce mai renonta. Da wane lafazi za mu yi mata magana ba tare da ta ji an ce ta gaza ba? Ga kuma gidan gandu, inda mace ɗaya ta hana, ɗakin kishiya ko na matar wa kuma tele na kunne tun safe, in ta janye ɗanta a ce tana ware shi daga 'yan'uwansa. Kaka kuwa ba ta jure kukan jika, da ya buɗe baki za ta ce a ba shi, kuma suruka ba ta da bakin musu da uwar miji. Shin ta kan kakanni ya kamata a fara, tun da su ne masu tatsuniya kuma su ake ji? Uban da ya aiko wayar da guminsa don ya riƙa ganin ɗiyansa ta WhatsApp, yaya za a gaya masa kyautarsa na buƙatar iyaka ba tare da ransa ya ɓaci ba?

A tsakaninmu ma kanmu bai haɗu ba. Wasu na ganin a ce wa iyaye su hana Masha gaba ɗaya har yaro ya kai shekara 5, don doka guda ta fi sauƙin riƙewa. Mafi yawanmu na ganin hanin ba zai kamu ba, yaro zai tsallaka maƙwabta ya kalla babu babba kusa. Muna son jin naki ra'ayin a kan wannan.

Roƙonmu na ƙarshe, ko filinki zai iya samun minti 7 a mako da wata tsohuwa za ta ba da tatsuniya guda da Adaranci, a yanke ta a riƙa turawa ta waya? Masu turi za su zuba duk abin da aka nema, mu kuma za mu sa wa yara a aji ranar Jumma'a kafin a tashi.

Allah Ya ƙara basira, Ya saka da alheri.

Ƙannenki, malaman jardan
Tawa