Ba albashi kaɗai ke korar ma'aikatan jinya ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida mai farin jini, in taɓo wani ciwo da ke cin mu ma'aikatan jinya a ɓoye.

Da ƙungiyarmu ta ma'aikatan jinya da ungozoma ta ƙasa, NANNM, ta shiga yajin aikin gargaɗi a ƙarshen Yulin 2025, maganar alawus da ƙarancin ma'aikata aka fi yi, kuma gaskiya ce. A 2024 ma hukumar da ke yi mana rajista ta ce nas-nas 42,000 sun bar Najeriya cikin shekara uku. To amma a cikin abokan aikina da suka tafi Saudiyya da Ingila, akwai waɗanda halin metiron, wato shugabar nas-nas, ne ya fara fitar musu da aikin daga rai.

Shekarata 11 a ɗakin yara. An taɓa kawo mana wata sabuwar nas, ta yi ta laluben jijiyar wani jariri za ta sa masa ƙarin ruwa, ba ta samu ba. Yaron da gudawa ta tsotse kuwa, ko tsohon hannu sai ya yi gumi. Sai shugabar ɗakin ta tsaya a gaban uwar yaron ta ce wa nas ɗin, "Ke da kuɗi kika sayi takardar taki?" A ɗakin ajiyar magani na same ta tana share hawaye da gefen hijabi. Daga ranar iyaye suka daina yarda ta taɓa musu 'ya'ya.

Zagin ma da sauƙi. Bulalar gaske ita ce rosta, wato jadawalin aiki: ki ɗaga kai sau ɗaya, a jera miki aikin dare, hutunki ya maƙale, takardar tuhuma ta biyo baya. Ki koma gida ba barci, ki sauke fushin a kan 'ya'yanki. Abin da ya fi tayar mini da hankali, nas mai tsoro ba ta tambaya. In ta yi shakkar adadin allura sai ta yi shiru, in ta yi kuskure ta binne, majinyaci ya kwana a ciki.

Ina kira ga hukumomin asibitoci su buɗe hanyar kai kuka wadda ba za ta bi ta teburin wadda ake ƙara ba. Sabuwar nas ɗin nan ta nemi canjin ɗaki tun bara. Takardar na nan a aljihun teburin shugabar ɗakin, tana jiran sa hannunta.

Daga wata ma'aikaciyar jinya,
Kano.