Rahoton Ayyukan Ƙungiya Na Bana

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ga rahoton shekara, shugaba ya matsa sai ni zan rubuta.

Mitin na wata-wata mun yi, banda watan azumi.

Abin da ya fi faranta min rai bana shi ne bitar da muka yi wa ƙannenmu masu neman aikin rijiyoyin mai a nan Fatakwal, kan bawul ɗin kariya na can cikin rijiya. Wallahi ɗakin ya cika har da na tsaye. Yayanmu da ya daɗe a aikin ya zo da tsohon bawul da aka tsaga biyu ya ɗora kan tebur, kowa ya danna murfin da yatsa ya ji yadda sifirin ke mayar da shi. Ya nuna musu idan bawul ya rufe, matsin gas na ƙasa ne ke tokare murfin, to ko ka ƙara wa layin haidirolik da ke buɗe shi daga sama ƙarfi ba zai buɗe ba sai dai ka lalata murfin ko bututun da ke tura shi, dole sai matsin sama da na ƙasa sun zo ɗaya. Ko dai a buga dizil ko naitirojin ta sama, ko kuma in bawul ɗin mai daidaita matsin da kansa ne, akwai 'yar ƙofa a jikin murfin da bututun ke fara dannawa, gas ya riƙa hawa a hankali, kai kuma bawul na bakin rijiya a rufe, ka zuba wa geji ido ka yi haƙuri. Ya ja kunnensu cewa yashi na cinye 'yar ƙofar nan ta fara yoyo. Da ya kawo labarin rijiyar mai ta Ekofisk a Tekun Arewa, ɓangaren Norway, a 1977, inda bawul irin wannan bai zauna daidai ba mai ya yi kusan mako yana feshi, ɗakin ya yi tsit.

Ziyarar rijiyoyin mai na Kolmani da ke tsakanin Bauchi da Gombe kam ba ta yiwu ba, kuma masu cewa kwamiti ya yi barci su sani mota ba da addu'a take tafiya ba. Ɗan littafin bitar da Hausa ma an gama rubutawa, kuɗin bugawa ne babu. Ko rabinmu ba su biya kuɗin wata ba, wasu na kira har na gaji, suna ganin lambata su ƙi ɗauka, amma ranar rabon riguna su ne a sahun gaba.

Sunayen masu bashi na wajen ma'aji, wanda bai biya ba kafin mitin na gaba za a karanto shi a gaban kowa.